Kafin Ka Sa Hannu Ranar Juma'a

Wasiƙa

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙo a sakaya sunana. Shekaruna 34, ina da mata da 'ya'ya biyu, muna zaune a Kaduna, amma asalinmu daga wajen Kachiya ne. Matsalata ita ce saurin yanke shawara. Abu zai faɗo mini a rai da safe, kafin la'asar na aikata shi. Shekara biyu da suka wuce na bar aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi don shugaban makarantar ya yi mini faɗa a gaban ɗalibai. Ko gida ban koma ba na rubuta takardar ajiye aiki. Bara kuma na ɗauki kuɗin adashin matata ba da saninta ba, na zuba a wata harkar intanet da aka ce kuɗi yana ninkuwa cikin wata ɗaya. Har yau ko sisi bai dawo ba.

Makon jiya mun yi cacar baki da yayana kan gonar da mahaifinmu ya bari. Ya ce mini a gaban mutane ba na tsinana wa kowa komai. Gonar kuwa tun cutar citta ta 2023 ba ta kawo abin kirki ba. Na sami wanda zai sayi rabona, ya ce in ban sa hannu ba zuwa Juma'a zai nemi wata. Niyyata in sayi keke Napep in koma Abuja. Na yi addu'a na ji salama a zuciyata, har na yi mafarki ina tuƙi a kan babban titi. Matata kuka take yi, tana cewa in jira, ni kuma ina ganin rashin bangaskiya ne. Baba, yaya zan bambanta muryar Allah da muryar zuciyata? Na gaji da "da na sani".

Ɗanka cikin Ubangiji.

Amsa

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba: kada ka sa hannu a takardar nan ranar Juma'a. Ko za a sayar da gonar wata rana ko ba za a sayar ba, za mu zo kan wannan. Amma wannan Juma'ar, a'a. Ka kira mutumin ka ce masa kana bukatar wata ɗaya ka yi shawara da iyalinka. In mai son gona ne da gaske zai jira, domin gona ba ta da ƙafa, kuma ba tumatir ba ce da za ta ruɓe a kwando. In ya ce ba zai jira ba, ka gode wa Allah da ya nuna maka shi da wuri. Ina kyautata zaton ya ji labarin rigimarka da yayanka, shi ya sa ya zo da kuɗi a hannu tun zuciyarka ba ta huce ba, ya kuma yanka maka wa'adi. Ya san mai fushi ba ya tsayawa ciniki.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Kai ka kira matsalarka saurin yanke shawara, ni kuwa na hango wani abu a ƙarƙashinsa. Shugaban makaranta ya kunyata ka a gaban yara, ka ajiye aiki. Zaman rashin aiki ya kunyata ka a gaban matarka da maƙwabta, ka nemi kuɗin da zai wanke ka dare ɗaya. Yayanka ya kunyata ka a gaban mutane, yanzu kana so ka tafi inda zai ji labarinka daga nesa ya ciji yatsa. Kowane karo sai an taɓa mutuncinka kafin ka zabura. Zafin wulaƙanci ne yake kora ka, gaggawar kuma ita ce hanyar da ka saba bi ka guje masa. Ban faɗi wannan don in ƙara maka kunya ba. Mutumin da ya iya zama ya rubuta laifinsa dalla-dalla kamar yadda ka yi, har da maganar adashin, ya riga ya yi abin da maza da yawa suke tsufa ba su yi ba.

Ka buɗe Littafin Sama'ila na Fari, sura 25, ka karanta a hankali, don labarinka yana ciki. Dawuda yana gudun Saul a jeji da mutum wajen 600. A yankin akwai wani attajiri mai suna Nabal, yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000. Mutanen Dawuda sun daɗe suna zama kusa da makiyayansa, ko ɗan akuya bai ɓata ba, har ɗaya daga cikin barorin Nabal ya shaida cewa sun zame musu garu dare da rana. Da lokacin sausayar tumaki ya zo, lokacin biki da yalwar abinci, Dawuda ya aiki samari goma su gaishe shi da ladabi, su roƙi abin da ya sawwaƙa. Nabal ya kada baki ya ce wane ne Dawuda, ai bayi masu tsere wa iyayengijinsu sun yi yawa a kwanakin nan. Ka ji maganar? Kusan ita ce yayanka ya yaɓa maka.

Dawuda bai tambayi kowa ba. Mutumin da a sura 23 sai da ya nemi nufin Ubangiji sau biyu kafin ya tafi ceton garin Kaila, a nan ba a rubuta ko addu'a ɗaya ya yi ba. Cewa kawai ya yi kowa ya rataya takobinsa. Mutum 400 suka bi shi, 200 suka tsaya wajen kaya. Har rantsuwa ya yi da sunan Allah cewa kafin gari ya waye ba zai bar namiji ko ɗaya da rai a gidan Nabal ba. Ka lura da "kafin gari ya waye" ɗin nan, shi ma yana da tasa Juma'ar. Abin da ya fi tsorata ni a labarin shi ne, a sura 24, shafi ɗaya baya, Dawudan nan ne ya ritsa Saul a kogon En-gedi, mutumin da ke farautar ransa, ya ƙi taɓa shi, har zuciyarsa ta dame shi don ya yanki gefen rigarsa. Ya iya jure mashin sarki, sai ga baƙar maganar wawa tana neman kayar da shi.

Abigiyel, matar Nabal, ita ma ta yi sauri, amma dubi irin nata saurin. Ta ɗora wa jakuna gurasa 200, da salkar ruwan inabi biyu, da tumaki biyar gyararru, da soyayyen hatsi, da curin zabibi 100, da curin ɓaure 200, ta tare shi a gindin dutse. Ta sauko daga kan jaki ta rusuna. Ba ta wanke mijinta ba, ta ce wawa ne kamar yadda sunansa yake nufi. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke idon Dawuda daga daren nan ta kai shi shekarun da ke gaba. Ta ce masa, in Ubangiji ya cika alkawarinsa ya ɗora ka a kan Isra'ila, kada ya zamana kana ɗauke da nauyin jinin da ka zubar a banza, kana nadamar ka ɗaukar wa kanka fansa. Dawuda ya tsaya. A gaban mayaƙa 400 ya janye maganarsa, ya yabi Allah da ya aiko ta, ya sa wa hankalinta albarka. A ganina janyewar nan ta fi karon da ya yi da Goliyat wuya, domin da Goliyat jama'a tafi suka yi masa, a nan kuwa dole ya haɗiye abin da ya riga ya furta.

Akwai wani ɗan abu a ƙarshen surar da mutane kan tsallake. Da Abigiyel ta koma gida ta tarar Nabal ya bugu, sai ta yi shiru, ba ta faɗa masa komai ba sai da safe. Mace ɗaya, rana ɗaya, ta san inda ake gudu, ta san inda ake kame baki. Wannan shi ne fahimin da kake tambayata.

Ɗana, taka Abigiyel ɗin tana cikin gidanka. Ba ta da jakuna ko curin ɓaure, hawaye kawai gare ta da kalma biyu, "ka jira". Kuma ita ce wadda kuɗin adashinta ya salwanta a hannunka, ta ci gaba da dafa maka abinci. Kada ka sake kiran maganarta rashin bangaskiya.

Yanzu ga tambayarka. Ka yi addu'a, ka ji salama. Na yarda ka ji wani abu. Amma ka tuna ranar da ka miƙa takardar ajiye aiki, ba ka ji sakayau ba da ka fito daga ofishin? Ranar da ka tura kuɗin adashin, ba ka kwana da murna ba? Duk wanda ya daɗe yana saƙa da warwara, da zarar ya tsai da magana, ko wace iri ce, zai ji nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, kuma sau da yawa wannan sauƙin ne muke sa wa suna salama. Yunusa yana gudun aikin da Allah ya ba shi na zuwa birnin Nineba, ya gangara Yafa ya tarar da jirgi mai zuwa Tarshish a shirye, ga kuɗin jirgi a hannunsa, ya shige can ciki ya yi barci mai nauyi har hadiri bai tashe shi ba. Ƙofa ta buɗe, kuɗi ya samu, barci ya yi daɗi, duk alamun da muke tsayawa mu ba da shaida da su a coci sun cika, alhali mutumin ya juya wa Nineba baya. Mafarkinka ma haka. Allah ya yi magana da Yusufu ta mafarki, ban musa ba. Amma Littafin Mai-Wa'azi a sura 5 ya ce yawan ɗawainiya yakan kawo mafarki. Wanda ya yini yana tunanin keke, ba abin mamaki ba ne ya kwana yana tuƙi.

Ina jin tsoron kalmar nan "Ruhu ya ce mini" yadda ta yi araha a bakinmu yanzu, domin tana rufe bakin kowa. Wa zai yi gardama da Allah? Mata ta yi shiru, fasto ya yi shiru, in abu ya lalace kuma a ce gwaji ne. Manzo Yahaya ya ce kada mu gaskata kowane ruhu, mu gwada su. Yakubu kuwa a sura 3 ta wasiƙarsa ya ba mu ma'auni mai sauƙin riƙewa. Ya ce inda akwai ɗacin kishi da son kai a zuciya, hikimar da ke fitowa daga wurin ba daga sama take ba. Wadda take daga sama, da fari tsattsarka ce, sannan mai salama, mai sauƙin hali, mai sauraron shawara, cike da jinƙai. Ka ɗora shirinka a kan ma'aunin nan. An haife shi a ranar faɗa. Yana raba ka da ɗan'uwanka. Ba ya son a yi masa tambaya, da matarka ta yi magana sai ranka ya ɓaci. Ni abin da na koya da shekaru shi ne, shirin da yake daga Allah ba ya tsoron a baje shi a faifai gaban mutane masu tsoron Allah. Kuɗin adashin nan, me ya sa ka ɗauka ba da saninta ba? Don ka san abin da za ta ce. Zuciyarka ta san gaskiya tun ranar, ka riga ta da gudu ne kawai. Su manzanni ma da babbar magana ta taso a Urushalima, sai da suka taru suka yi doguwar muhawara, sannan suka rubuta cewa Ruhu Mai Tsarki ya ga ya yi kyau, mu ma mun ga haka. Ka duba Ayyukan Manzanni sura 15.

Na san za ka ce, to Bitrus da Andarawas fa, ba nan da nan suka bar tarunansu ba? Haka ne. Amma Yesu ne da kansa ya tsaya a gabansu ya kira su, kuma Bisharar Yahaya sura 1 ta nuna sun riga sun san shi kafin ranar. Yesun nan kuma shi ne ya kwana yana addu'a a kan dutse kafin ya zaɓi sha biyun, shi ne ya ce mai son gina bene ya fara zama ya yi lissafi. Akwai wuraren da Littafi ya ce a yi gaggawa, ban hana ka ba. In ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Kada rana ta faɗi kana cikin fushi. Zakka ya sauko daga itace da sauri, a ranar ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Kai kuwa shekara guda ke nan da maganar adashin, ban ji ka ce ka fara biya ba, mako guda da faɗanku da yayanka ban ji ka ce ka nemi sulhu ba, amma gonar mahaifinku kana so ka rabu da ita cikin kwana huɗu.

Bari in ba ka nawa labarin, don kada ka ɗauka daga kan tudu nake magana. Ina da shekara wajen 40, ina riƙe da littafin wani kwamiti a ikilisiyarmu, aka jefe ni da wata magana a taro kan kuɗin gini. Na dawo gida jikina yana rawa. Na kunna fitila na rubuta wasiƙa shafi huɗu, na ajiye aikin, na kuma tona abin da na sani da abin da nake zato a kan mutum uku. Na miƙa wa matata na ce da asuba ta ba yaro ya kai wa fasto. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Baban yara, ka ci tuwo tukuna." Bayan kwana uku ban ji amsa ba, na tambaye ta. Ta shiga ɗaki ta ciro wasiƙar daga ƙarƙashin zannuwanta, ta ce, "Ga ta. Ka karanta mini da ƙarfi in ji. In ka gama har yanzu kana so, ni da ƙafata zan kai." Ban wuce shafi na biyu ba. Abu biyu da na rubuta gaskiya ne, amma na ukun zato ne na yi masa rigar tabbas. Mutumin da na yi wa zaton nan, shi ne bayan shekaru ya kwana da ni a barandar asibiti daren da ɗanmu yake tsakanin rai da mutuwa. Har ya koma ga Ubangiji bai san an taɓa rubuta wasiƙar ba.

A zamaninmu akwai tazara tsakanin zuciya da hannu: sai ka nemi takarda, sai gari ya waye, sai ka sami ɗan aike. Ku yanzu waya ta cinye tazarar nan. Saƙon WhatsApp yana isa kafin numfashinka ya daidaita, kuɗi yana barin asusu da danna lamba huɗu. Don haka dole ka gina tazarar da hannunka. In rai ya ɓaci, zuciya tana bugawa da sauri, jiki yana shirin faɗa ko gudu, sashen ƙwaƙwalwar da ke auna abin da zai biyo baya kuma yana ja da baya. Haka aka halicce mu, ba kai kaɗai ba ne. A wannan halin kada ka rubuta, kada ka tura, kada ka yi alkawari. Ka ba matarka wayar, ka fita ka taka ƙasa har gumi ya fito. Nehemiya ya ce da ya ji kukan talakawa ya husata ƙwarai, sai ya yi shawara da zuciyarsa, bayan haka ne ya fuskanci manyan gari. Fushin nasa na gaskiya ne, amma bai bar shi ya yi magana shi kaɗai ba. Shi ɗin ne kuma ya ji labarin rushewar Urushalima a watan Kisle, bai buɗe baki gaban sarkin Farisa ba sai a watan Nisan, wajen wata huɗu yana addu'a, shi ya sa da sarki ya tambaye shi abin da yake so, ya riga ya san har wasiƙun da zai roƙa da inda za a samo katako.

Ka yi wa kanka doka, ka faɗa wa matarka da wani dattijo ɗaya da kake jin nauyinsa, don su riƙe ka da ita. Ƙaramin abu, ya kwana ɗaya. Abin da ya shafi aiki, ko ƙaura, ko kuɗin da ya kai na abincin wata, ya yi mako biyu kuma sai mutum biyun nan sun ji. Abin da in an yi ba a warwarewa, kamar sayar da ƙasa, ya yi wata guda ko fiye. Wani bawan Allah ɗan ƙasar Sifen, Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a 1556, ya bar wa almajiransa wata ƙa'ida da na ga amfaninta ko da ba cocinmu ɗaya ba: lokacin da rai yake cikin duhu da damuwa, kada a canja shawarar da aka yanke lokacin da rai yake cikin haske. Ka duba kuma yadda Allah ya bi da Iliya da ya gudu jeji yana roƙon mutuwa. Bai fara da wa'azi ba, abinci da ruwa aka ba shi, ya yi barci, aka sake tashinsa ya ci. Magana sai daga baya, a Horeb. Sau nawa ka yanke manyan shawarwarinka da yunwa, ko da tsakar dare?

Maganar keke kuwa, ba na raina ta. Sana'a ce, mutane suna ciyar da iyali da ita. Amma ka ɗauki takarda da biro ka yi lissafin da Yesu ya ce a yi. Nawa ne keken yau, sabo ko na hannu? Nawa man fetur zai ci a yini, tun da an cire tallafi a watan Mayun 2023? Tikitin ƙungiya fa, da gyara, da taya, da ranar da za a kama ka? A cikin birnin Abuja ba kowane titi aka yarda keke ya bi ba, yawanci a unguwannin gefe ake aikin, irin su Nyanya da Karu da Mararraba, can kuma akwai waɗanda suka riga ka da shekaru. Kuɗin haya na shekara ake nema a dunƙule. Yaran za su bi ka ne, ko gida biyu za ka riƙe? Ka taɓa tuƙa keke yini guda cur? Ga abin da zan so ka yi cikin watan nan: ka nemi mai keke a nan Kaduna ka karɓa kana kai masa kuɗin yini, ka yi mako uku, kana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In lissafin ya yi kyau, ka sami hujjar da za ka nuna wa matarka. In bai yi ba, mako uku ka rasa, gonar tana nan. Ka kuma sake neman aikin koyarwa, ko darasin yamma a gidaje, don hannunka ya riƙa taɓa wani abu.

Ita gonar, cutar 2023 ta durƙusar da manoman citta da yawa a kudancin Kaduna, ba ku kaɗai ba. Amma citta ce ta ruɓe, ƙasar tana nan, tana iya ɗaukar masara ko waken soya. Kana iya ba da rabonka haya damina ɗaya ko biyu ka sami ɗan jari ba tare da ta bar hannunku ba. Sannan ka bincika: an raba gonar a gaban shaidu, ko har yanzu ta gida ce? In ba a raba ba, mutum ɗaya ba ya sayar da ƙasar gida ba da yardar babban gida da sauran magada ba, kuma irin wannan ciniki shi ne yake kai 'yan'uwa kotu shekara da shekaru. Ka tambayi mai unguwarku da lauya. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari don yunwar yini ɗaya, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce daga baya ya nemi albarkar da hawaye bai samu ba. Keke yana tsufa cikin 'yan shekaru. Ƙasar nan mahaifinku ya riƙe ta har ya mutu don ku, kai ma kana da biyu a bayanka.

Harkar ninka kuɗi kuma, ka rufe wannan ƙofar har abada. Mun ga irinta mai suna MMM da ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, har da na masu bi da yawa da suka shiga suna cewa buɗi ne daga Allah, bayanta wasu sun zo da sabon suna da tsohuwar dabara, kullum kuma da "yi sauri kafin a rufe". Karin Magana 21:5 ta ce shirin mai himma yana kai ga yalwa, mai gaggawa kuwa talauci yake tarar da shi.

Abu ɗaya zan ƙara don ina ƙaunarka. In ka lura akwai lokutan da kake yin kwanaki ba barci sosai amma ba ka gajiya, tunani yana gudu, kana jin babu abin da zai gagare ka, kana kashe kuɗi, sannan daga baya ka faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi, to ka je ka ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, nan cikin Kaduna. Zuwa wurin ba ya rage bangaskiyar kowa, kamar yadda zuwa auna hawan jini ba ya ragewa. In kuma akwai giya, ko ƙwaya, ko cacar ƙwallo a cikin lamarin da ba ka rubuta ba, ka faɗa wa fastonka gaskiya.

Yayanka ya yi kuskure da ya ci mutuncinka a gaban mutane. Amma ka ji ta bakinsa kafin ka yanke masa hukunci. Wataƙila shi ne ya zuba kuɗin iri da taki a shekarar da cittar ta ruɓe, yana ɗauke da bashi shi kaɗai, kai kana birni. Kada ka yi wannan magana ta waya. Zumunta a ƙafa take. Ka shiga mota ka je gida, ka ɗauki kawunku ko wani dattijon ikilisiya, ka gaishe shi a matsayinsa na babba, ka faɗa masa maganarsa ta yi maka ciwo, sannan ka yi shiru ka saurara.

Kafin wannan duka, yau da dare in yara sun yi barci, ka zauna da matarka. Ka roƙi gafararta kan adashin ba tare da kawo dalili ba, ku rubuta adadin kuɗin a takarda, ka faɗi abin da za ka riƙa ba ta duk wata, ko kaɗan ne. Ka gaya mata ka fasa sa hannu ranar Juma'a. Sannan ku durƙusa tare ku roƙi hikima. Yakubu 1:5 ta ce Allah yana ba da ita a yalwace, ba ya kuwa yin gori. Na san gori ne ya fi ci maka rai a duniyar nan, to ga wurin da za ka zo da tambayarka sau ɗari ba a tuna maka da ta jiya ba. Zafin naman nan naka ma ba na so ya mutu. Bitrus da ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, Ubangiji bai jefar da shi ba, shi ne ya tsaya ranar Fentikos ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka tuba, shi ne kuma da ya tsufa ya rubuta wa ikilisiyoyi su natsu, su kame kansu domin addu'a.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yaran, ka ce mata Baba ya gode. Ina jiran wasiƙarka bayan wata ɗaya. Ka haɗo da takardar lissafin keken, ka kuma faɗa mini abin da yayanka ya ce.

Babanka cikin Ubangiji.